Mintin da aka hana Amanda Serrano

A watan Disamba na 2023 Amanda Serrano ta ajiye kambun duniya na hukumar damben zamani ta WBC, alhali babu wadda ta doke ta ta ƙwace shi. Wata goma kafin nan ta buge Erika Cruz a New York, ta haɗa manyan kambuna huɗu na ajin kilo 57 a hannunta. Dalilinta na ajiye ɗaya daga cikinsu guda ne: hukumar ta ƙi yarda mata su yi turmi mai minti 3 kamar maza. Mutane da yawa, har da masu son damben mata, suka ce taurin kai ne, hukumar ai tausayinta take ji. Ni a wurina Serrano ce mai gaskiya, kuma wannan tausayin da ake ta faɗa ya fi cutar ƙananan 'yan dambe mata fiye da kowa.

Ga yadda dokar take. Idan maza za su yi damben kambun duniya, turmi 12 suke yi, kowane turmi minti 3, jimilla minti 36. Mata kuwa turmi 10 ne mai minti bibbiyu, wato minti 20. Shugaban WBC, Mauricio Sulaimán, ya sha nanata cewa batun kare lafiya ne, domin bincike ya nuna girgizar ƙwaƙwalwa ta fi saurin kama mata. Ba na raina wannan magana. WBC ɗin nan ce ta rage damben maza daga turmi 15 zuwa 12 bayan rasuwar Duk-koo Kim na Koriya ta Kudu a 1982, kuma ta kyauta. Dambe sana'a ce da ake rasa rai a cikinta, wanda duk ya ce a yi hattara ya cancanci a saurare shi.

Amma a duba inda matan suke fafatawa a wasu wuraren. A gasar Olamfik ta Tokyo mata sun yi turmi 3 mai minti uku-uku, daidai da maza. A faɗan keji na UFC, inda ake duka da gwiwa da gwiwar hannu da safa marar kauri, mace minti 5 take yi a kowane turmi kamar namiji. Ita kanta Serrano ta shiga irin wannan faɗan kejin a shekarun da dambe ya kasa riƙe ta. To yaya jikin da ya ɗauki minti 5 a keji zai kasa ɗaukar minti 3 da zarar an sa masa safar dambe?

Abin da masu kare dokar ba sa son a taɓo shi ne yadda ƙaramin ɗan dambe yake cin nasara. Mai nauyin kilo 100 yana iya kashe abokin karawarsa da hannu ɗaya a kowane lokaci, shi ya sa jama'a ke rububin kallon irin su Anthony Joshua. Mai kilo 52 ko 57 ba haka yake aiki ba. Tarawa yake yi. Ya yi ta dukan haƙarƙari da ciki har numfashi ya fara yankewa, ƙafafu su yi nauyi, hannayen da ke kare fuska su sauko. Wannan aikin a minti na uku yake nuna, lokacin da wanda aka gajiyar ba shi da sauran wurin gudu. Idan ka yanke mintin nan, kamar ka sauke tukunya ne tana gab da tafasa, ka jira ta huce, ka sake ɗorawa, har sau goma. Daga baya kuma a zo ana cewa ƙananan mata ba su da hannun kisa, damben nasu sai dai alƙalai su raba gardama, saboda haka ba za a biya su da yawa ba. An rage musu lokaci, an kuma mai da sakamakon ragin ya zama hujjar rage musu lada.

Wanda ya kalli karawar Serrano da Katie Taylor ta Ayilan ranar 30 ga Afrilun 2022 ya ga wannan da idonsa. Karo na farko ke nan da mata suka zama babban wasan dare a zauren Madison Square Garden, mutum sama da 19,000 suka cika shi. A turmi na 5 Serrano ta ritsa Taylor, ta yi ta sauke mata duka, fuska ta yi jini, ƙafafu suna rawa. Sai aka kaɗa ƙararrawa. Taylor ta huta, ta farfaɗo, ta yi jarunta ƙwarai a sauran turamen, alƙalai biyu cikin uku suka ba ta nasara. Babu mai iya rantsuwa cewa da an ƙara minti ɗaya da ta faɗi, amma duk namijin da ya kai abokin karawarsa wannan halin yana da daƙiƙa 60 na ƙarasa aikinsa.

Kuma wace ce ake ce wa ba ta san abin da jikinta zai iya ba? Serrano ce, yarinyar da aka haifa a Puerto Rico a 1988, ta tashi a unguwar Brooklyn, ta bi yayarta Cindy zuwa wurin atisaye, ta fara damben kuɗi a 2009. Ta ci kambun duniya a azuzuwan nauyi bakwai, abin da Manny Pacquiao kaɗai ya zarce da takwas. A Satumban 2018 ta ci kambu a ajin kilo 63 da rabi, wata huɗu bayan haka ta sauko kilo 52 ta gama da Eva Voraberger cikin daƙiƙa 35. Wannan hawa da sauka da nauyi yana cin jiki ƙwarai, kuma neman abokiyar karawa da ladan kirki ne ke sa mace ta yi shi. Ban ji hukumar da ta tashi tsaye ta hana ba. Ranar 27 ga Oktoban 2023 ta kara da Danila Ramos ta Birazil a Orlando, turmi 12 mai minti uku-uku. Su biyun suka kai ƙarshe a tsaye, Serrano ta yi nasara. Hukumomin WBA da IBF da WBO sun sa kambunansu a wasan, WBC ce kaɗai ta janye nata.

Idan lafiyar mata ake nema da gaske, an san inda haɗarin yake. A Yulin 2020 aka haɗa Seniesa Estrada, gwana a ajin kilo 49, da Miranda Adkins mai shekara 42, wadda kusan duk waɗanda ta taɓa dokewa sababbin shiga ne. Daƙiƙa 7 aka yi Adkins tana kwance. Wani ƙaramin kambun WBC ne a kan wasan nan, kuma turmi mai minti 2 bai yi mata amfanin komai ba. Jeanette Zacarías Zapata 'yar Meziko, mai shekara 18, ta rasu a Satumban 2021 kwanaki kaɗan bayan dambe a Montreal ta Kanada, alhali a watan Mayun shekarar an buge ta har ƙasa a wani wasan. Frida Wallberg ta Suwidin, wadda ta fara doke Serrano a 2012, ta samu zubar jini a ƙwaƙwalwa a 2013, sana'arta ta ƙare a nan. Duk ƙarƙashin gajeren turmi aka yi waɗannan. Haɗa gwana da 'yar koyo, da mai da wadda aka buge fage kafin kanta ya warke, da sakacin ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa, su ne ke halaka 'yan dambe. Gyara su yana cin kuɗi, yana kuma ɓata wa masu shirya wasa rai. Rage minti ɗaya kuwa ba ya cin ko sisin kowa sai na matan.

Matan ma ba su ce a tilasta wa kowa ba. Takardar da 'yan dambe mata fiye da 20 suka sa wa hannu a Oktoban 2023, ciki har da Laila, 'yar Muhammad Ali, zaɓi kawai ta nema: wadda ta ga ta shirya, a bar ta ta yi minti 3. Akwai mata masu son minti 2 saboda saurinsa, babu mai hana su. Mace baliga da aka yarda ta sa hannu a yarjejeniyar da za ta iya rasa ranta a ciki, wadda hukumar ke yankar kasonta daga ladanta, ita ce kuma ake ce wa ba ta isa ta zaɓi tsawon turminta ba. A Yulin 2025 Serrano da Taylor suka sake haɗuwa karo na uku a Madison Square Garden, a daren da mata ne zalla suka fafata daga farko har ƙarshe. Serrano ta fito fili ta nemi turmi 12 mai minti 3, aka yi wasan a turmi 10 mai minti 2.