Abin da hanjin lobsta zai koya wa masu kiwon kifi a Volta

Lobsta, wato babban jatan landen nan na teku, ba abincin gidajenmu na zango ba ce. Sai manyan otal-otal, kuma da tsada. To me ya kai mu kanta? Binciken da ake yi a hanjinta ne, domin ya shafi karfasa da tarwaɗar da matasanmu ke kiwo.

Kiwon lobsta na da wuya tun daga ƙyanƙyasa. 'Ya'yanta na mutuwa da yawa, sau tari saboda ƙwayoyin bakteriya dangin Vibrio da ke mamaye musu ciki. Masana suka ce, maimakon a yi ta zuba maganin kashe ƙwayoyin cuta, a sa ƙwayoyi masu amfani su riga shiga hanjin, su tare wuri, su cinye abincin da mugayen ke nema. A Padstow da ke Ingila an gwada Bacillus a abincin 'ya'yan lobsta, an kuma ga ƙarin girma da raguwar mace-mace. A Ostireliya an haɗa wasu ƙwayoyin teku guda 2 da suka kare su daga Vibrio owensii. Duk mai shan burkina ko fura da nono ai ya san ƙwayoyi masu rai ba duka ne abokan gaba ba.

Nan gida fa? Ba mu manta da ƙarshen 2018 ba, lokacin da karfasa ta yi ta mutuwa a kejin tafkin Volta. Cutar ISKNV ce, wato bairos, kuma antibayotik ba ya taɓa bairos. Waɗannan ƙwayoyin masu amfani ma ba za su warkar da shi ba, kada wani ɗan kasuwa ya ruɗe ku. Aikinsu ƙarfafa kifi kafin ciwo ya zo. Amma mai tanki biyu a bayan gida, in ya ga kifi ya fara juya ciki, abin da hannunsa ya kai shi zai zuba, ragowar maganin kuma a cikinmu take ƙarewa.

Abin da ya fi damun mu shi ne ledojin da ake tallatawa wai suna ɗauke da ƙwayoyi masu rai. Waye ya auna ko suna raye bayan sun sha zafin shago? Ƙwayar da ta yi aiki a ruwan gishirin Ingila mai sanyi ba lallai ta yi a ruwan Yeji ba.

Muna kira ga hukumar FDA da ta riƙa gwada irin wannan kaya kafin su shiga kasuwa. Cibiyar binciken kifi ta CSIR da ke Akosombo, wadda ta samar da irin karfasar Akosombo, ta nemo ƙwayoyi daga hanjin kifinmu na nan. Malaman gona kuma su zo zango su yi bayani da Hausa, ranar da masu kiwon ke gida.