Wannan ƙarar ta asuba ba tsufa ba ne

Yau maganar tamu ta masu tsohuwar Fijo ce, amma uwargida kada ki wuce, domin ke da yara kuke zama a baya.

Duk mai Peugeot 504 a Paraku ko Jugu ya san wata ƙara, tik-tik-tik, da ke fitowa daga inji in an tayar da shi da asuba. Bayan 'yan mintoci sai ta yi shiru, mai mota ya ce ai tsufa ne. To, motar ta tsufa kam. A 1968 aka fara yin ta a Faransa, daga baya aka shafe shekaru ana harhaɗa ta a Kaduna. Amma sau da yawa wannan ƙarar hayaƙi ne ke tsira ta inda bai kamata ba.

A jikin kan inji, wanda makanikan nan Benin ke kira kulas, akwai wani ƙarfe mai rassa da ke tattara hayaƙin silinda huɗu ya miƙa wa salansa. A Najeriya manifol ake ce masa, a nan kuwa kolektar. Tsakaninsu akwai gasket, ko juwan in a garejin Paraku kake. Kulas ɗin 504 na alminiyam ne, kolektar na baƙin ƙarfen zubi, kuma ba daidai suke buɗewa ba in sun ɗauki zafi. Yau zafi gobe sanyi, shekara da shekaru, sai gasket ya ƙone ko noti ya saki. In inji ya yi zafi ƙarfe ya kumbura ya toshe kafar, shi ya sa ƙarar ke ɓacewa. Leƙa wurin da tocila, za ka ga baƙin tabo kamar na gindin tukunya.

Abin da ya sa na ɗauko maganar shi ne hunturu. Hanyar Paraku zuwa Jugu ta haura kilomita 130, ana fita da duhu don a riski kasuwa, an rufe gilashi saboda sanyi da ƙura. Hayaƙin da ya tsira a gaban mota yana shigowa ta ramukan da wayoyi da feda suka bi, kuma tsohuwar mota robobinta sun daɗe da mutuwa. A cikinsa akwai guba mai suna kabon monoksaid, ba ta da wari, ba ta da launi. Alamarta ciwon kai, jiri, tashin zuciya da barci mai nauyi. Yaro ya yi lakwas a baya a ce gajiyar hanya ce. Direba ya fara gyangyaɗi a ce bai sha shayi ba. In kuka ga haka ku tsaya, kowa ya fito ya sha iska, wanda bai wartsake ba a kai shi asibiti nan take.

Gasket kansa ba shi da tsada. Inda kuɗi ke zubewa wajen kwancewa ne. Sandunan ƙarfen da notin ke hawa, gujon kenan, a cikin alminiyam suke a dase, tsatsa ta kama su tun kafin a haifi yaron gareji. Shi kuwa yaro ƙarfinsa yake son nunawa: ya zura bututu a sifana ya danna, sai ka ji ƙas! Aikin awa biyu ya koma na kwana uku, kaya na jira a Arzeke.

Don haka, Alhaji, kai motar tun yamma. A jiƙa notin da WD-40, in babu ko man birki ne, a bar shi ya kwana. Da safe, inji na sanyi, a sa sifana mai kama kan noti ta kowane gefe. A juya kaɗan, a mayar, a sake juyawa. In ya ƙi, a gasa notin da wuta, amma a kauce wa tiyon fetur, balle ga mu masu shan kpayo da jarka a but. Ni dai makanikin da ya ce mini "bari ya kwana" ya fi kwanta mini a rai fiye da mai cewa "yanzu-yanzu".

In gujon ya riga ya karye, kada a yi saurin ɗauko injin huda. Hannu ya ɗan karkace, an ci alminiyam, wani lokaci har a fasa hanyar ruwa, sai neman wani kulas a Kwatano ko Panteka ta Kaduna. Gara mai walda ya ɗora noti a kan guntun ya cika shi. Waldar ƙarfe ba ta kama alminiyam, zafinta kuma yana sassauta tsatsar. A cire kan batir kafin ya fara.

Wajen mayarwa, a kankare fuskokin biyu tas, a ɗora rula ta ƙarfe a kan kolektar a ga ko ya lanƙwashe. In haske na wucewa ta ƙarƙashi sai an goge shi ya daidaita, in ba haka ba sabon gasket ba zai yi wata biyu ba. Kada ka yarda a mayar da tsohon gasket, ko a yanko kwali, ko a shafe wurin da gam, duk wuta za ta cinye su. Gujon da ya sirance a canza shi, kuma in ka samu notin tagulla saya, ba ya manne wa da tsatsa. Ɗauri daga tsakiya ake farawa a nufi gefe, kaɗan-kaɗan, ana zagayowa.

Bayan tafiya ɗaya ko biyu, in inji ya huce, ka koma a sake taɓa notin, domin sabon gasket yakan kwanta. Wannan ba a biyan kuɗinsa, amma ka faɗa wa makanikin tun ranar ciniki.