Da Ɗan Gari A Kan Ci Gari: Shawara A Kan Ilmin Duwatsu

'Yan'uwa ɗalibai da malamanmu, muna roƙo ku saurare mu kaɗan, mu faɗa muku wani abu da ya dame mu tun hutun da ya wuce.

Mu da muka fito daga ƙasar Liba, can wajen Maiyama, kudu da Jega, da muka je gida sai muka tarar mutanen wata unguwa sun yi karo-karo don su sami rijiyar burtsatse. Wani ya sayar da albasa, wani gero, wata tsohuwa ma akuyarta ta kai kasuwa. Mai haƙa ya zo da motarsa, ya ce ina a ke so? Aka nuna masa wani fili kusa da gidaje, don mata su huta da tafiya. Ya kafa inji, bayan kwana uku ruwa ya fito, aka yi ta murna, ya karɓi kuɗinsa ya tafi. Bazara ba ta yi nisa ba sai famfo ya fara tari, daga nan sai iska. Mata suka ɗauki gugansu suka koma tsohuwar rijiya.

Asarar kuɗin ta yi ciwo, amma akwai abin da ya fi ta ciwo. Ranar da aka yi haƙan nan akwai malaman makaranta a wurin, akwai ma'aikacin asibiti, ga mu kuma masu shirin zama malamai. Duk cikinmu babu wanda ya iya cewa a auna wurin tukuna, babu wanda ya ɗebi ƙasar da injin ke fitarwa ya duba, balle ya tambaya zurfi nawa aka kai, ko wane irin yashi aka tsaya a kansa. Muna tsaye kan ƙasar kakanninmu kamar baƙi. Don haka mu ke ba da shawara, lalle ne mu malamai mu riƙa tura waɗansu daga cikin haziƙan yaranmu su nemi digiri a kan ilmin duwatsu da abin da ke ƙarƙashin ƙasa, wanda Turawa ke kira jiyoloji.

Kada a ɗauka shi ne labarin ƙasa da mu ke koyarwa a aji. Labarin ƙasa ya fi kula da abin da ke sarari, kamar koguna da garuruwa da damina. Shi kuwa wannan ilmi ciki ya ke leƙawa: yadda ƙasa ta ke hawa-hawa, wane hawa ke riƙe ruwa, wanne ke tare shi, ina ma'adinai su ke, wannensu ke da amfani, wanne ke da guba.

To, me masu wannan ilmi suka gano game da ƙasarmu? Sun gano cewa daga Sakkwato zuwa Gwandu, da Birnin Kebbi, da Jega, har cikin Jamhuriyar Nijar, duk kwari ɗaya ne babba wanda yashi da yumɓu da farin dutse suka cika, shimfiɗa bisa shimfiɗa, kamar an jera tabarmi. Shimfiɗun nan sun ɗan karkata wajen arewa maso yamma. Yashi shi ke riƙe ruwa, yumɓu kuwa ya tare shi. Saboda haka mai haƙa ya kan iske ɗan ruwa a sama, wanda ya kwanta kan yumɓu, ya zaci ya kai, alhali ruwa mai ɗorewa yana can ƙasa. In rani ya tsananta na saman ya ƙafe. Amma in ka nausa wajen Zuru da Yawuri, sai ka fita daga kwarin ka hau tsohon dutse mai tauri, inda ruwa ke ɓuya cikin tsaga da ruɓaɓɓen dutse, inda kuma a ke samun zinariya. Ashe jiha ɗaya ce, amma dabarar neman ruwa a cikinta ba ɗaya ba ce.

Ga wani abin mamaki. Kowace shimfiɗa an sa mata suna, sunayen kuwa na garuruwan wannan yanki ne: Gundumi, Illo, Taloka, Dukamaje, Wurno, Dange, Kalambaina, Gamba, da Gwandu. Ɗalibi a Ibadan ko Nsukka ya kan kwana yana haddace su don jarrabawa, bai taɓa ganin Wurno ba. Mu da mu ke wucewa ta waɗannan garuruwa a mota ba mu san an sa su a littafi ba. Farin dutsen Kalambaina shi ne a ke ƙonawa a yi siminti, masana'antar da ke can ta fara aiki a 1967. A cikin dutsen nan a kan ga ƙwaryar katantanwar teku da ta zama dutse, domin shekara wajen miliyan 60 zuwa 70 da suka wuce teku ce ta malale wurin. An kuma tono ƙasusuwan wata babbar dabbar teku mai kama da ƙadangare a ƙasar Sakkwato, a 1972 masana suka raɗa mata suna Goronyosaurus, watau daga sunan Goronyo.

Su wa suka yi wannan bincike? A farko dai baƙi ne. Daga 1904 zuwa 1909 Turawan mulki sun sa an zaga Arewa ana neman ma'adinai. Shugaban aikin, Dakta J. D. Falconer, ya buga littafinsa a kan duwatsun Nijeriya ta Arewa a 1911, a 1919 kuma aka kafa ma'aikatar binciken ƙasa ta Nijeriya. Bayan samun 'yancin kai, masana daga Amurka suka yi aiki tare da ma'aikatar nan a kan ruwan kwarin Sakkwato, aka buga rahotonsu a 1973. Sun bayyana cewa a shimfiɗar Gwandu akwai yashi mai ruwa wanda yumɓu ya danne, har a waɗansu wurare masu gangare in aka huda sai ruwa ya taso da kansa ba tare da famfo ba. Daga baya 'yan Nijeriya irin su Farfesa Cornelius Kogbe suka ɗora. Ba mu raina aikinsu ba, Allah ya saka musu. Amma Turawan farko bukatar gwamnatinsu ta kawo su, rahotanni kuma suna can cikin ɗakunan karatu da harshen Ingilishi. Ranar da a ke haƙa a Liba rahoto ba ya tasowa daga kanta ya zo ya yi magana. Sai mutum, ɗan gari wanda ya karanta shi. Da ɗan gari a kan ci gari.

Kada kuma a zaci maganar ruwa ce kaɗai. Ku tuna abin da ya faru a maƙwabtanmu na Zamfara a 2010. A ƙauyukan Anka da Bukkuyum mutane suka riƙa kawo dutsen zinariya cikin gida suna daka suna niƙa, ba su san akwai dalma a cikinsa ba. Ƙurar ta bi tsakar gida, ta shiga abinci, yara masu rarrafe suka haɗiye ta. Yara fiye da 400 suka rasu. Iyayen nan ba mugaye ba ne, abinci su ke nema, rashin sani ne ya fi dare duhu. Mai ilmin duwatsu ya san dalma da zinariya su kan zauna cikin dutse ɗaya, ya san kuma inda a ke kai dutse a gwada. Ga shi kuwa samarinmu na zuwa haƙar zinariya wajen Yawuri. Wa ke duba musu abin da su ke ɗaukowa?

Mun san akwai masu ja da wannan shawara, kuma maganarsu abin dubawa ce.

Na farko su ce, ina aikin ya ke? Gaskiya ne, akwai masu wannan digiri da ke zaune ba aiki, ba za mu ɓoye ba. Yaron da ya shiga don yana mafarkin kamfanin mai, sai a gaya masa tun da wuri cewa ƙofar nan ƙarama ce, masu jira kuwa da yawa. Amma mu dubi ƙasarmu. Albasar Aliero da a ke lodi zuwa kudu da ruwan ƙasa a ke noma ta da rani. Kowace shekara ana ƙara rijiyoyi da injinan ban ruwa a fadama, kowa na zuƙa daga tulu ɗaya. Wa zai auna ko ruwan na raguwa? Mai gina hanya ko gada yana bukatar wanda zai gwada masa ƙasa, hakanan masana'antar siminti, hakanan ma'aikatar ruwa. Akwai kuma na'urar da a ke kafa ƙarafa a ƙasa a tura lantarki, ta yadda ya ratsa a gane inda yumɓu ya ke da inda yashi mai ruwa ya ke. Wanda ya iya aiki da ita, ya kuma riƙe amana, ba sai ya jira albashi ba.

Na biyu su ce, yaro ya yi shekara da shekaru yana karatu ya ƙare da guduma yana fasa dutse cikin rana? Wannan ita ce cutar da ke damun mu 'yan makaranta, mun ɗauka ilmi shi ne kujera da fanka. Likita ma ai yana taɓa abin da ya fi ƙura ƙazanta, ba wanda ya raina shi.

Na uku, waɗansu iyaye na jin tsoro kada zancen miliyoyin shekaru ya taɓa imanin yaro. Mu da muka fara da allo kafin boko mun san wannan tsoro, ba kuwa za mu yi masa dariya ba. Sai dai mu tuna musu, duban halitta ba baƙon abu ba ne ga malaman Musulunci. A ƙarni na 11 Ibn Sina ya yi bayani a kan yadda duwatsu ke samuwa, Albiruni kuma ya dubi tsakuwar kogunan ƙasar Hindu ya ce filin nan dā teku ne, laka ta cike shi.

Yaya a ke samun digirin? Shekara 4 ne bayan sakandare. Sai yaro ya ci Ingilishi da lissafi da fizik da kemistiri da kyau, sa'an nan ya ci jarrabawar shiga jami'a. Akwai sashen wannan ilmi a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, wadda aka kafa a 1962, akwai kuma a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato. Karatun ba na rago ba ne. Ban da aji da ɗakin gwaji, a kan fita daji da guduma da kamfas da littafi, a bi rafi da tudu ana zana taswirar duwatsu, akwai kuma kuɗin tafiya da na kayan aiki, wanda ya kamata iyaye su sani tun farko. 'Ya mace ma tana iyawa, ita da ta fi kowa sanin wahalar ruwa.

Yanzu jami'a ta matso kusa da mu, an kafa ta kimiyya da fasaha a Aliero a 2006, ta tarayya kuma a Birnin Kebbi a 2013. Amma me kusancin jami'a zai yi wa yaron da ya tsani lissafi tun yana aji uku? Nan ne nauyin ya faɗo kanmu. Icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi. In muka koyar da lissafi da bulala da hadda, mun rufe wa yaro wannan ƙofa tun bai san akwai ta ba.

Ga abin da mu ke roƙon kowane ɗayanmu ya yi in an tura shi makaranta, ba ya kuwa bukatar ko kwabo daga gwamnati. In ka ji ana ginin rijiya a garin, kai 'yan ajinka. Ku ɗebi ƙasar kowace gaba ku zuba a gwangwani, ku rubuta zurfinta, ku jera a aji: jar ƙasa, marmara, yumɓu, rairayi, har zuwa inda ruwa ya tsatso. Ka gayyato tsohon maginin rijiya ya zauna kan kujerarka ya yi wa yara bayani, domin abin da ke cikin kansa na garin nan babu shi a littafi, in ya rasu kuwa da shi za a rufe. Ku sami littafi guda ku rubuta rijiyoyin garin duka, ku riƙa auna ruwansu da igiya, da kaka sau ɗaya, da bazara sau ɗaya. In aka yi shekara goma ana haka, garin ya mallaki abin da duk mai haƙa zai so ya gani kafin ya kafa inji. Cikin yaran da suka riƙe igiyar nan kuma, da yardar Allah, ba za a rasa ɗaya ko biyu da za su ce su wannan karatu za su yi ba.

Mutanen unguwar nan ta Liba sun fara wani sabon karo-karo. Da wuya su sami ɗan gari da zai tsaya musu a wannan karo, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Amma yaran da za a ba mu baɗi su ne za su tsaya a na gaba, in mun shirya su. Muna roƙon malamanmu na kimiyya su taimake mu da shawara, wanda kuma ya ga kuskure a maganarmu ya rubuto a fitowa ta gaba, mu ƙaru.

Allah ya ba mu ilmi mai amfani, amin. Haza wasalam.