A Tura Ɗalibai Yangoji

Duk wanda yake zuwa gida daga Ikko ta hanyar Lakwaja ya san Yangoji, a yankin Kwali, kafin a kai Gwagwalada. Ita ma ƙasar Abuja ce, amma lambunan shaƙatawa irin su Millennium Park, wanda aka buɗe a 2003, suna can cikin birni.

Muna roƙon Sashen Kula da Lambuna na Abuja, in ya ɗauki ɗalibai masu koyon aiki, kada ya bar su a ofis suna ɗaukar fayil. A tura wasu Yangoji su reni itatuwa, su dasa a bakin titi. Ku kuma iyaye mazauna Kudu, in yaronku ya nemi wannan gurbi, kada ku ce aikin lebura ne, ku bar shi ya je.