Ra'ayin Edita: Finafinan da Suka Tsaya Mana a Rai

Jama'a masu karatu, wasu 'yan uwa ɗalibai sun yi ta matsa mana lamba mu faɗi finafinan da suka fi ƙayatar da mu a cikin waɗanda suka fito a shekara ta 2023. To, ga amsarmu, ko da yake mun san ba za ta yi wa kowa daɗi ba.

Wanda muka sa a gaba shi ne 12th Fail, na ƙasar Indiya, wanda Vidhu Vinod Chopra ya shirya. Labarin gaskiya ne na wani saurayi, Manoj Kumar Sharma, ɗan ƙauye daga yankin Chambal, wanda ya faɗi jarrabawar ƙarshe ta sakandare domin wani jami'in 'yan sanda ya hana satar amsa a makarantarsu a wannan shekara. Maimakon ya ƙullace shi, sai ya ɗauke shi abin koyi. Ya tafi Delhi, ya yi shara a ɗakin karatu, ya yi aiki a injin niƙa yana karatu cikin ƙurar gari, ya faɗi jarrabawar shiga manyan ma'aikatan gwamnati har sau uku, sa'an nan ya ci a karo na huɗu. Lalle duk wanda ya taɓa zama a zauren jarrabawa ya ga takarda tana yawo daga hannu zuwa hannu, ko ya ji an ce aiki sai da hanya, zai ji kunya ta kama shi in ya kalli wannan fim. Mu dai ta kama mu.

Na biyu shi ne Io Capitano, na Matteo Garrone, mutumin Italiya. Yara biyu ne, Seydou da Moussa, suka bar Dakar a ɓoye da nufin zuwa Turai. Suka biyo ta Agadas, suka ratsa Sahara, suka faɗa hannun masu azabtar da mutane a Libiya, daga bisani aka danƙa wa Seydou, yaro ɗan shekara 16 wanda bai iya ko iyo ba, tuƙin jirgin ruwa cike da mutane. Wannan hanya ba baƙuwa ba ce gare mu. Muna roƙon duk wanda ke tara kuɗi a asirce don irin wannan tafiya ya kalli wurin da wata mata ta gaza a cikin rairayi, ayari kuwa ya wuce.

Sai kuma Goodbye Julia, na Mohamed Kordofani, fim ɗin Sudan na farko da aka nuna a bikin Cannes a Faransa, wata guda bayan ɓarkewar yaƙi a Khartoum cikin Afrilu 2023. Wata matar aure 'yar Arewa ce ta yi sanadin mutuwar wani ɗan Kudu, sa'an nan ta ɗauki matarsa aikatau ba tare da ta gaya mata gaskiya ba, ana nan har ƙasar ta rabu biyu a 2011.

Oppenheimer kuwa, duk da kyaututtukan Oscar 7 da ya kwashe, bai shiga sahunmu ba. Awa uku ana nuna damuwar wanda ya ƙera bom, amma ba a nuna mutanen Hiroshima ba, balle 'yan haƙar ma'adinai na Kwango waɗanda suka tono yawancin yuraniyom ɗin. Jawan da Pathaan mun kalla, mun yi tafi, mun manta.

Amma fa abin da ya dame mu shi ne yadda muka kalli waɗannan finafinai: kowa a kan gadonsa, da waya a hannu da abin saurare a kunne. Iyayenmu sun yi layi a Plaza da Marhaba da El Dorado a Kano, su fito suna gardama har gida. Saboda haka muna kira ga shugabannin Ƙungiyar Ɗalibai su rage wani abu daga kuɗin shagalin ƙarshen zango su sayi majigi guda, a riƙa nuna fim a babban zaure kowace Asabar bayan sallar Isha'i, a kuma ware rabin awa don muhawara. Shawararmu ita ce a fara da 12th Fail, mako biyu kafin jarrabawa.