Wayar Salula Da Sirrin Mashayin Giya

Akwai tambayar da likita a Arewa ke yi wa majiyyaci alhali ya san da wuya ya ji gaskiya: "Malam, kana taɓa shan giya?" Magidanci ne kwance, hanta ta kumbura, ga ɗansa tsaye a kansa, ga ƙaninsa riƙe da katin asibiti. Amsarsa ba ta wuce "A'uzu billahi!" Daga nan likita ya shiga lalube cikin duhu. Hausawa sun ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi, amma a kan wannan batu mutum ya gwammace a kai shi kushewa da sirrinsa.

Babu mai ja da cewa Musulunci ya haramta giya. Sai dai haramcin bai sa ta ɓace ba, domin kwalaben da Hukumar Hisba ke farfasawa a Kano ba don aljanu aka shigo da su ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce giya ta yi sanadin mutuwar mutum miliyan 2.6 a shekarar 2019. A nan gida, binciken da aka yi a 2018 ya gano 'yan Nijeriya miliyan 14.3 da ke ta'ammali da miyagun ƙwayoyi, kuma wannan adadi bai haɗa da giya da taba ba. Ta yaya za a magance cutar da masu ita ba sa faɗa?

A nan ne wayar salula ta shigo. Tun 1989 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito da wasu tambayoyi goma da ake kira AUDIT, waɗanda duk wanda ya sami maki 8 ko fiye daga cikin 40, alama ce shansa ya kai matakin haɗari. Idan aka sanya su a waya, mutum zai amsa shi kaɗai a ɗakinsa, babu idon da zai ji nauyi. Haka kuma waya na iya tambayarsa kullum da daddare abin da ya sha a ranar, maimakon a jira wata guda ya yi kirdado.

Ƙasashen waje sun yi nisa. A 2014 masana a Jami'ar Wisconsin ta Amurka suka fitar da sakamakon gwajin wata manhaja mai suna A-CHESS a kan mutum 349 da suka fito daga jinyar shaye-shaye. Manhajar kan gargaɗi mutum idan ya kusanci mashayar da ya saba zuwa, kuma waɗanda aka ba su ita sun fi sauran rage kwanakin shan da ya wuce kima. A 2020 wasu masana a Jami'ar Pittsburgh suka nuna cewa waya na iya gane buguwa daga tangaɗin tafiyar mutum, kodayake mutum 22 kacal aka gwada. Akwai kuma wata na'ura mai kama da mundaye da ake ɗaurawa a idon sawu, tana auna giya daga gumin jiki kowane minti 30.

To, a nan gizo ke saƙar. Wannan na'ura ta ƙarshe kotuna ne suka fi amfani da ita, kuma tun 2021 alƙalai a Ingila ke ɗaura wa masu laifi ita. Ke nan abin da zai taimaki likita shi ne kuma zai iya zama ɗan leƙen asiri. A jihohinmu da ke bin Shari'a, wanda ya amsa cewa yana sha ya jawo wa kansa bulala, ban da zubewar mutunci, mutuwar aure ko rasa aiki. Sannan wayar Bahaushe ba tasa ba ce shi kaɗai: yara na ɗauka, uwargida na dubawa, mai caji a bakin titi na kwana da ita.

Kada kuma a manta da tarihi. Gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi wa yara kimanin 200 a Kano lokacin annobar sanƙarau ta 1996 ya bar tabo, kuma yana cikin abubuwan da suka rura wutar ƙin allurar shan-inna a 2003. Wanda maciji ya taɓa sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Duk mai binciken da zai nemi sirrin jama'ar nan, sai ya fara sayen amincewarsu.

Saboda haka ra'ayina shi ne a karɓi wannan fasaha, amma bisa sharuɗɗa. Na farko, kada a haɗa amsar mutum da sunansa ko lambarsa, kuma a faɗa masa ƙarara cewa babu hukumar da za ta gani. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta sanya bayanan lafiya cikin masu buƙatar kariya ta musamman. Sai kwamitocin ɗa'ar bincike na asibitocin koyarwa su tabbatar ana bin ta. Na biyu, a yi tambayoyin da Hausa, da murya, yadda mai ƙaramar waya da wanda bai iya boko ba za su amsa. Ma'aunin ma sai an gyara shi, domin mai shan burkutu da ƙwarya yake ƙirge, ba da kofin Turawa ba. Na uku, wanda makinsa ya hau ya sami inda zai dosa cikin rufin asiri, ko Barnawa ne a Kaduna, ko Kware a Sakkwato, ko Dawanau a Kano. Auna cuta ba tare da magani ba, tonon silili ne kawai.

Malamanmu ma suna da rawar takawa. Addinin da ya haramta giya shi ne ya haramta bin diddigin asirin mutane, ya kuma bar ƙofar tuba a buɗe. Mashayin da ya faɗa wa wayarsa gaskiya ya taka matakin farko na dawowa hanya, bai kamata a sa ya yi da-na-sani ba. Allah Ya shirye mu, Ya rufa mana asiri duniya da lahira.