Wanda Aka Zalunta In Ya Ɗaga Kai: Darasin Shari'ar Hadijatu Mani

A Gidan Amumune, kamar sauran garuruwan ƙasar Mayahi da Tasawa, kalma ta farko da ake faɗa wa wanda aka cuta ita ce haƙuri. Wanda aka ci wa iyakar gona, a ce ya yi haƙuri. Matar da ta sha duka ta yi yaji, a mai da ita ɗakinta da haƙuri. Muddin mutum ya sunkuyar da kai, jama'a na tare da shi, ana tausaya masa, har ana zagin azzalumin a bayan ido. Amma ran da ya miƙe ya ce bai yarda ba, sai magana ta juya. In namiji ne a ce ɗan tsaurin ido ne. In mace ce a ce fitsararriya ce, ba ta da kunya. Zaluncin da kowa ya sani sai a manta da shi, a koma tattauna halin mai ƙara.

Shari'ar da ta fi nuna wannan hali a Nijar an yi ta ne a Birnin Ƙonni, cikin jihar Tawa.

A 1996 aka sayar da wata yarinya mai suna Hadijatu Mani, tana da shekara 12, a kan kuɗi jika 240. Wanda ya saye ta, Alhaji Sulaimanu Naruwa, yana da shekara 46. Ya ɗauke ta a matsayin wahaya, wato wadda ake ƙarawa bayan mata huɗu, ba sadaki, ba ɗaurin aure. Shekara tara tana aikin gida da na gona, ana dukanta, ta kuma haifa masa ƴaƴa. A duk waɗannan shekaru babu hukumar da ta tuhume shi, ko da yake tun 2003 dokar ƙasa ta mai da bauta babban laifi mai hukuncin ɗaurin shekara 10 zuwa 30.

Ran 18 ga Agusta 2005 ya ba ta takardar ƴanci, da sa hannun mai gari. Da ta tashi tafiya sai ya hana, ya ce ai matarsa ce. Ta kai ƙara. A watan Maris 2006 kotun farko ta Ƙonni ta ce babu aure tsakaninsu, tun da ba a biya sadaki ba, ba a kuma ɗaura aure bisa addini ba. Ya ɗaukaka ƙara, kotu ta sama ta rushe wannan hukunci. Ana cikin haka ta auri mijin da ta zaɓa da kanta. Sai tsohon ubangidan ya kai ta ƙara, wai ta yi aure kan aure.

A nan ya kamata mai karatu ya tsaya. A watan Mayu 2007 aka yanke wa Hadijatu ɗaurin wata shida da tara. Ba ita kaɗai ba: har da sabon mijinta, har da ɗan'uwanta da ya ba da ita aure. Ta yi kusan wata biyu a gidan kaso kafin kotun ɗaukaka ƙara ta Yamai ta ba da umurnin a sake ta. Wanda ya sayi mutum yana kwana a gidansa, wadda aka saya tana kurkuku, wanda ya taimake ta shi ma yana ciki. Duk wata wahaya ta Ƙonni ko Madawa ko Illela da ta ji wannan labari ta fahimci saƙon, kuma danginta sun fi ta fahimta.

Ƙungiyar Timidriya, wadda aka kafa a 1991 don yaƙi da bauta, ita ta riƙe mata hannu. Ita ma ƙungiyar ta ɗanɗana irin wannan kallo, don a 2005 an tsare shugabanta na lokacin, Ilgilas Waila, kuma mutane da dama sun riƙa cewa masu tona zancen bauta suna zubar da mutuncin ƙasa ne. Da taimakonta, da na lauyoyi daga waje, aka kai maganar gaban kotun CEDEAO. Kotun ta zauna a Yamai, ran 27 ga Oktoba 2008 ta yanke hukunci: Hadijatu ta yi zaman bauta, kuma gwamnati ba ta kare ta ba, domin alƙalan da maganar ta zo gabansu sun ji kalmar baiwa ba su tuhumi kowa ba. Aka umurci gwamnati ta biya ta diyyar sefa miliyan 10.

Daga nan yabo ya ɓarke. A 2009 aka kira ta Amurka aka ba ta lambar girmamawa ta mata masu ƙarfin hali. A 2014 kotu a Ƙonni ta ɗaure wani mutum shekara huɗu saboda ajiye wahaya, karo na farko ke nan. A 2019 babbar kotun ƙasa ta wanke Hadijatu, ta ce al'adar mace ta biyar ba ta bisa doka. Matar da aka ɗaure a 2007 da wadda aka yaba a 2009 mutum ɗaya ce, maganarta kuma ba ta sake ba. Nasara ce ta sauya idon jama'a, ba gaskiyar da ta faɗa tun farko ba.

Me ya sa ake haka? Ba mugunta ce zalla ba. A ƙauye kowa na jingine da wani. Mai ƙarfin da ya yi zalunci, sau da yawa shi ne mai ba da rancen hatsi in rumbu ya ƙare tsakiyar damina, shi ne abokin mai gari, ko surukin liman. Wanda ya ba da shaida a kansa ya san inda zai rasa iri baɗi. Sa'annan mai ƙara yana tona asirin waɗanda suka gani suka yi shiru, kuma mutum bai cika son wanda ya tuna masa da tsoronsa ba. Ya fi sauƙi a ce yarinyar ce mai taurin kai.

A ƙasar Mayahi da Tasawa abin ya fi fitowa a zancen gona. Mutane sun yi yawa, ƙasa ba ta ƙaru ba, gandu ya rarrabu, kuma gamanar mace ce ake fara janyewa in wuri ya matse. Musulunci ya ba ɗiya rabonta na gado, rabin na ɗa namiji, babu malamin da ke musun wannan. Duk da haka wadda ta nemi rabonta daga hannun ƴan'uwanta maza ana yi mata kallon mai raba zumunci, ana tsoratar da ita cewa ran da aurenta ya mutu ba ta da gidan komawa. Wadda ta bar musu kuwa, ita ce ɗiyar kirki. Haƙurin nan da ake yabo, wanda ya ci gonar ne ke cin ribarsa.

Sulhu yana da amfani, kuma shari'a na cin kuɗi da lokaci. Amma sulhun da ba ya mayar da haƙƙi, danniya ce da aka yi wa ado. Sarakuna da masu gari, waɗanda doka ta ba ikon sasanta mutane, da ma'aikatan hukuma, su ne kan fara jin kuka, kuma yadda suka karɓi mai kuka shi ke koya wa gari yadda zai kalle shi.

Abin da ya tsayar da Hadijatu a gaban alƙalai shi ne takardar 2005 mai sa hannu, da mutanen da ba su gudu suka bar ta ba. Tun daga dokar karkara ta 1993 akwai hukumomin filaye da ake kira Kofo, masu rubuta shaidar gado da kyauta da saye da jingina, kuma wanda ya yi karatun yaƙi da jahilci yana iya karanta wa maƙwabciyarsa abin da aka rubuta kafin ta dangwala yatsa. Nijar ta fita daga CEDEAO a watan Janairu 2025. Wadda aka cuta yau a Gidan Amumune, hanyarta ta fara daga zauren mai gari, ta bi ta fadar sarki, ta kai kotun Mayahi.